Baba Kuku da Obin Mai Wuta Biyu

Shekara talatin da huɗu Baba Kuku ya yi yana dafa wa marasa lafiya abinci a kicin ɗin babban asibiti. Da wankin tukwane ya fara, ya koma yankan albasa, daga nan aka ba shi murhu ɗaya, har ya zama shi ke riƙe da makullin sito, mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin ya duba agogo don ya san ko abu ya nuna ba. Da hanci yake aiki. Yana can bakin ƙofa ana sauke buhunan dankali daga mota, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wa ke kan shinkafar nan? Ta fara kamawa." A ruga a buɗe tukunya, a tarar kuwa haka ne. Ma'aikatan jinya sukan tsokane shi su ce da likitoci za su ari hancinsa, da tuni an rufe ɗakin gwaje-gwaje.

Sunan nan na Baba Kuku da aka sa masa a asibiti ya biyo shi gida, ya kuma bi shi har bayan ritaya. Uwar 'ya'yansa ta rasu shekara biyu da barinsa aiki. Babban ɗansa yana wani gari mai nisa, sai Auta, wadda ke aure a ɗaya gefen gari tana kuma aiki a kamfanin waya. Shi kaɗai ya rage a gidansu na hawa na biyu, mai falo da ɗaki biyu da ɗan siririn kicin wanda in mutum ya ware hannuwa zai taɓa bango da bango. Bai taɓa kukan kaɗaici ba. Ya dafa abinsa, ya share gidansa, ya kunna rediyonsa.

Yana da shekara sittin da tara wata mura mai zafi ta kwantar da shi sati biyu. Da ya tashi, zazzaɓi ya tafi, tari ya tafi, hanci ma ya tafi da su. Ya yanka albasa ya kai hanci, hawaye kawai. Ya shinshina sabulu, ya shinshina kwalbar turaren marigayiya da ke kan madubi, kamar ruwa yake shinshinawa. Ya ce bari ya ba shi wata guda. Wata ya wuce, biyu suka wuce. Bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya ya ɗora buta a kan gas ya koma falo jin labarai. Ruwa ya tafasa ya zubo ya kashe wutar, gas kuwa ya ci gaba da fita. Da ya ji shiru ya yi yawa sai ya tashi ya leƙa, ya ga wuta ta mutu, ya ɗauko ashana. A daidai nan aka fara dukan ƙofarsa kamar za a karya. Mai Ɗinki ce, matar da ƙofarta ke kallon tasa, wadda ke ɗinkin labule a falonta. Ya je ya buɗe da kwalin ashana a hannu.

"Baba, kar ka kyasta! Don Allah kar ka kyasta!" Ta fizge kwalin, ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta ruga ta rufe tukunyar gas, ta bi tagogi tana buɗewa. "Tun daga ƙasan bene nake jin warin. Kai ba ka ji ba?"

Ya tsaya a tsakiyar falo yana jan iska da ƙarfi. Babu abin da ya ji. Sai da ya dubi fuskarta sannan ya gane, ya nemi kujera ya zauna.

Ranar Asabar Auta ta zo da mijinta. Mijin ya kwance tukunyar gas ya saɓa a kafaɗa ya sauka da ita, ya dawo rungume da wani ƙaton kwali. Obin ne na lantarki, baƙi, mai ƙofar gilashi, ya cinye rabin kantar kicin. A ciki akwai farantin gilashi mai juyawa, ga kuma tire na ƙarfe da ragar waya ta gashi a gefe. A dama jerin maɓallai ne, ba masu tudu ba, zane ne kawai a jikin baƙin gilashi, da wasu 'yan lambobi masu haske a sama.

"Wuta biyu gare shi, Baba," in ji Auta. "Wannan na ɗumame ne. Shayi, madara, ragowar abinci, minti ɗaya ko biyu ya isa. Amma in shi ka danna, ko cokali kar ya shiga. Wannan na kusa da shi kuma na gashi ne, kamar obin ɗinku na asibiti, da fanka a baya. Shi tiren ƙarfe ba ya masa komai."

"To ina wutar take?"

"Ba a ganinta."

"Wutar da ba a gani, ga mai dafuwar da ba ya jin ƙauri. An haɗa gwanaye."

Mijin ya yi dariya, Auta ba ta yi ba. Ta ce, "Ni dai na faɗa maka. In wani abu ya sake faruwa, tattara kayanka za mu yi ka dawo wurinmu. Ga ɗaki nan a zaune."

Ya san ɗakin, kuma ba ƙanƙantarsa ce ta dame shi ba. Wani ɗaki ya tuna masa, wanda yayansa ya ƙare rayuwarsa a ciki. Yaya direban babbar mota ne, mutumin da ya san kowace kwana ta hanyoyin ƙasar nan. Abin ya fara masa da ƙananan abubuwa, makulli a cikin firij, gishiri a shayi. Cikin shekara uku ya kai in ya fita ba ya gane hanyar gida, har 'ya'yansa suka sa wa ɗakinsa sakata ta waje. Baba Kuku yakan kai masa abinci duk sati. Zuwansa na ƙarshe Yaya ya dube shi da ladabi ya ce, "Malam, wa kake nema?"

Satin farko shayi kawai ya ɗumama. Ya danna, ya ja da baya ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana leƙen kofin yana zagayawa, gurnanin na'urar yana shiga masa har cikin haƙora. In ta yi ƙarar gamawa sai ya zabura, ko da yake jiranta yake. A sati na uku zuciyarsa ta ɗan kwanta, ya kwaɓa fulawa ya gasa burodi. Ya fito jawur, ya tashi sosai. Ya ƙwanƙwasa gindinsa ya ji amon da ya sani, ya yanka rabi ya kai wa Mai Ɗinki, ta ce ƙanshin ya riga shi isowa. Ranar har waƙa ya yi yana wanke kwano.

Kwana huɗu bayan haka ya jera cinyoyin kaza a tiren ƙarfe, ya lulluɓe da farar takardar nan ta ƙarfe, ya danna abin da ya tabbata na gashi ne. Bai kai ga janye hannu ba sai cikin obin ya ɗauki walƙiya, shuɗiya, tana tsalle daga takardar zuwa bango, da ƙara tas-tas-tas kamar ana karya busassun ƙirare. Ya yi baya da sauri, ƙugunsa ya daki bakin wurin wanke-wanke. Ya dawo yana dannan duk abin da yatsansa ya samu, abu ya ƙi tsayawa, sai da ya fizgi ƙofar sannan ya yi shiru. A bangon ciki ga wani baƙin tabo kamar girman kwandala.

Ya daɗe a tsaye yana haki. Walƙiyar ta ba shi tsoro, amma abin da ya fi tsaya masa shi ne ya san na gashi ya danna. Zai iya rantsuwa. To in ya san haka kuma ba haka ba ne, me ke nan?

Daga nan abubuwa suka fara taruwa. Ya sa madara minti biyu, ta yi ta tafasa har ta malale farantin ta ƙafe. Wata safiya ya buɗe zai sa kofi, ya tarar da na jiya a ciki, shayin ya yi sanyi da fata a kai, kuma bai tuna ya bar shi ba. Ya fara yi wa kansa jarrabawa. In ya tashi da safe sai ya jero sunayen jikokinsa daga babba zuwa ƙarami, ya jero ɗakunan asibiti da abin da kowanne ke ci, masu sukari, masu hawan jini, masu tiyata. In ya yi tuntuɓe a suna ɗaya sai gumi ya karyo masa. Ya daina taɓa obin ɗin, ya lulluɓe shi da tawul. Ya koma cin burodin shago da kifin gwangwani da ayaba, yana korawa da ruwa. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda bel.

Auta takan kira kullum da rana, lokacin hutun aikinta.

"Baba, me ka ci yau?"

"Kaza na gasa, da dankali."

"Ka ga? Ai na ce za ka saba."

"Na saba, uwata. Na saba sosai."

Haka ya yi kusan wata guda. Ranar da abin ya faru, tun safe gari ya yi luf da hadari, sanyi ya shiga masa gaɓoɓi, ransa ya biya wa abu mai ɗumi ko da burodi ne. Ya yaye tawul. Ya ce daƙiƙa talatin dai ba za ta kashe kowa ba. Ya sa burodin yadda ya sayo shi, cikin jakarsa ta takarda, ya kai fuska kusa, ya danna a hankali yana ƙirgawa. Farantin ya fara juyawa. Sai ga ruwa ya sauko da ƙarfi, ya tuna shanyarsa a barandar baya. Ya ce kafin ya kwaso ai na'urar ta tsaya da kanta.

Iska ta nannaɗe zanin gado a igiya, ya tsaya warwarewa. Riga ɗaya ta faɗa bayan bokiti, ya sunkuya ya lalubo. Ya shigo da kaya ya zube a gado, ya ga sun ɗan jiƙe, ya fara bazawa a jikin ƙofa da kujera. Ƙarar ruwa a kan kwanon baranda ta rufe komai. Da ya fito falo ya ga wurin ya yi dishi-dishi, bai kawo komai ba, don ya kwana biyu yana ganin duniya haka. Tari ne ya gaya masa. Ya sarƙe shi lokaci guda, idanunsa suka ɗauki yaji.

Kicin ya cika da hayaƙi daga sama har zuwa kafaɗarsa. Ta gilashin ƙofar obin ya ga wuta, wuta ta gaske mai harshe, zaune a kan faranti tana zagayawa a hankali, na'urar kuwa tana ta gurnaninta. Hayaƙi na fita ta ramukan gefe yana lasar ƙasan kabad ɗin katako da ke sama.

"Innalillahi," ya ce. Hannunsa ya kai kan marikin ƙofar da kansa. Ya ji zafinsa. Duk jikinsa cewa yake ya buɗe ya watsa ruwa. Sai ya ji kamar muryarsa ce a kicin ɗin asibiti yana yi wa sababbin ma'aikata faɗa: obin in ya kama ba a buɗe shi, iska yake nema. Ya janye hannun. Fulogin yana baya, sai ya zura hannu ta cikin hayaƙin da zafin kafin ya kai, kuma ya san ba zai iya ba. Ya sunkuya ya fita yana bin bango, ya daki tebur, ya isa ƙofar gida inda akwatin wutar lantarki yake, ya lalubi babban makunnin ya ja ƙasa. Rediyo ya yi shiru, firij ya yi shiru, gurnanin ma ya tsaya.

Ya rarrafo ya dawo bakin kicin ya zauna a ƙasa, inda iska ta fi dama, yana kallo. Wutar ba ta mutu nan take ba. Ta yi ƙasa, ta sake tashi, ta lashi gilashin ta mai da shi baƙi har ya daina ganinta sosai, sai ja-ja a bayan baƙin. Bai san minti nawa ya yi a nan ba. Yana ta lissafin mutanen da ke saman kansa, tsohuwar hawa na uku da ba ta iya sauka sai an riƙe ta, da masu jaririn da ke kusa da ita. A ƙarshe jan ya ɓace.

A haka Mai Ɗinki ta same shi, don hayaƙi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya cika matakala. Wannan karon ba ta yi ihu ba. Ta buɗe tagogi, ruwan sama yana fesowa ciki, ta kama shi ta kai shi falonta ta zaunar a tsakanin yadudduka, ta ba shi ruwa.

"'Yar nan," ya ce da ya samu numfashi, "ki rufa mini asiri. Kar Auta ta ji."

Ta murza tef ɗin awo a yatsa. "Baba, wallahi kamar uba na ɗauke ka. Amma bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗinka da inda 'ya'yana ke kwana. Sau biyu ke nan." Ta ɗago ta dube shi. "Ba zan kira ta yau ba. Ka kira ta da kanka, ya fi maka daraja. In gobe warhaka ba ka kira ba, ka yafe ni."

Bai ji haushinta ba. Da shi ne a matsayinta, ko goben ba zai bayar ba. Ya koma gida ya zauna da waya a hannu har ruwa ya ɗauke, sannan ya kira.

Washegari da sassafe Auta ta zo ita kaɗai, ko wurin aiki ba ta biya ba. Ta tsaya a kicin tana kallon baƙin da ya hau kabad da silin. Ta buɗe firij ta ga babu komai sai ruwa da rabin gwangwanin kifi. Ta dubi bel ɗinsa.

"Ina kazar da kake gasawa kullum?"

Ya zauna a kan kujerar roba. Ya gaya mata duka, walƙiyar, madarar, shayin da ya kwana, jarrabawar da yake yi wa kansa kowace safiya. "Irin na Yaya ne," ya ce. "Haka ya fara. Na san abin da na danna, sai in ga wani abu daban. Zan bi ki, ba zan yi gardama ba. Abu ɗaya nake roƙo, in ya kai ga haka, kar a sa mini sakata ta waje. Ku sa wani ya zauna da ni, ko ku ɗaure mini ƙararrawa a ƙafa, amma ban da sakata."

"Baba, ka daina." Ta juya masa baya ta goge ido da bayan hannu. Sannan ta jawo obin ɗin ta zare fuloginsa, ta ce, "Tashi ka nuna mini yadda ka yi jiya. A kashe yake, ba abin da zai faru. Daƙiƙa talatin."

Ya tashi. Ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai gefe, ya bi jerin da yatsa. Ya danna uku, ya danna sifili, ya dakata, ya sake dannawa, ya kuma sakewa.

"Me ya sa ka danna sifili sau uku?"

"Ba ya nuna ya shiga. Haka na yi jiya, don ban ga ya canza ba."

"Minti talatin ka sa masa ke nan." Ta matso. "Nuna mini na gashi."

Ya nuna. Na ɗumame ne. Auta ta cire kalandar da ke bango ta ja baya taku uku ta ɗaga. "Karanta mini wannan babban rubutun."

Ya ƙanƙance ido. Ya ga ja, ya ga fari, ya ga wani abu kamar tururuwa sun yi layi.

"Tun yaushe, Baba?"

"An kwana biyu. Na ɗauka tsufa ne kawai. Ko kuma shi ma duk cikin abin ne."

A ranar ta kai shi asibitin da ya yi wa aiki. Ƙanshin kicin ɗinsa, in yana nan, bai ji shi ba da suka wuce ta bayan ginin. Likitar ido ta haska masa fitila ta ce yanar ido ce a duka biyun, ta dama ta nuna sosai, har ta yi mamakin yadda yake sauka bene shi kaɗai. Daga nan aka tura su wurin wani likitan ƙwaƙwalwa, mai furfura a gemu, wanda ya gane shi ya ce ya sha cin burodinsa lokacin yana ɗalibi. Wannan ne Baba Kuku ya fi tsoro. Likitan ya faɗa masa kalmomi uku ya ce ya riƙe, ya tambaye shi rana da wata, ya sa shi ya zana agogo da manyan lambobi, ya sa shi lissafi da baya-baya. Sannan ya ce, "To, kalmomin nan uku fa?"

Biyu suka zo. Ta ukun ya neme ta sama da ƙasa. Ba ta zo ba.

"Ka faɗa mini gaskiya, likita. Na yi aiki a gidan nan, na san yadda kuke zagaye magana."

"Gaskiyar ke nan zan faɗa maka. Maganar maɓallai, ido ne. Mantuwar kuma, mutumin da ya yi wata guda ba ya cin abincin kirki, ga tsoro, zai iya mance kalma ɗaya. Zai iya kuma zama farkon wani abu. Yau ba zan iya rabewa ba. A gyara idon, ka ci abinci, ka dawo bayan wata shida mu sake gwadawa."

Ba abin da ya so ji ba ne, ba kuma abin da ya zo yana tsoro ba. Ya fito da shi a ƙirji kamar tsakuwa.

Sati uku ya yi a gidan Auta, a ɗakin nan, aka yi masa aikin idon dama. Ya sha tura wa masu irin wannan aiki abinci, amma da aka kwantar da shi aka rufe masa fuska aka bar ido ɗaya a waje, sai da ma'aikaciyar jinya ta riƙe masa hannu har aka gama. Da aka cire bandeji, abin da ya fara gani sosai fuskar Auta ce, ya ga ashe ita ma ta fara furfura a gefen kunne. Ya ce mata haka, ta ce in abin da zai gani ke nan a mayar masa da yanarsa.

Shi ya ce zai koma gidansa, Auta ta ce da sharaɗi. Mijinta ya kai obin ɗin wurin mai gyara, aka canza wani ɗan faifai da ya ƙone a bangon ciki, aka wanke, aka gwada aka ce lafiya lau. Aka liƙa jan tef a kan maɓallin gashi, fari a kan na ɗumame. Aka kafa ƙararrawar hayaƙi a silin ɗin kicin. Aka ba Mai Ɗinki makulli ɗaya. Kuma muddin na'urar tana aiki, ba baranda, ba waya, ba rediyo, yana kan kujerar roba a gabanta har ta tsaya. Ya yarda da duka. Ranar da ya dawo ya tsaya yana kallon maɓallan da sabon idonsa. Ashe ɗaya zanen igiyar ruwa ne, ɗaya zanen fanka, ko kama ba su yi ba.

Ya koma dafuwa a hankali. Dankali, kifi, shinkafa a kwanon gilashi. Har yanzu in zai danna sai ya karanta lambobin da ƙarfi sau biyu, kuma ba ya ɗauke ido har farantin ya tsaya. Kalmar nan ta uku kuwa ba ta bar shi ba. Yakan tsinci kansa yana nemanta yana wanke kwano, ya ƙi kuma tambayar Auta.

Wata ranar Laraba da hantsi yana gasa burodi, yana zaune a kujerarsa, sai ƙararrawar ta ɗauki ihu a saman kansa. Bai taɓa jin ƙararta ba. Ya miƙe zumbur, kujerar ta kife, ya danna na tsayarwa, ya ja da baya ya manne da bango yana kallon gilashin, yana jiran ya ga harshen wuta. Makulli ya juya a ƙofa, Mai Ɗinki ta faɗo da almakashi a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ta leƙa ta gilashin, ta shinshina, ta buɗe a hankali. Wani ɗan gutsuren kwaɓi ne ya faɗo daga tire ya ƙone a ƙasa, bai kai kan yatsa ba. Burodin kansa lafiyarsa ƙalau. Ta ɗauki tawul tana kaɗa wa ƙararrawar iska har ta yi shiru.

"Wannan abar ta fi ni tsegumi," ta ce. Ta fara dariya, shi ma ya so ya taya ta, abin ya fito masa kamar tari.

Ya fito da burodin ya ɗora a katako. Ya ɗauki wuƙa zai yanka mata nata, hannun ya ƙi tsayawa, bakin wuƙar yana ta rawa a kan ɓawon. Ta karɓa, ta yanka biyu, ta tayar da kujerar ta ce ya zauna. Suka ci da zafinsa, ita a tsaye, shi a zaune. Ta tambaye shi yaushe zai koma wurin likitan nan, ya ce saura wata biyu da kwana tara. Ta ce Allah ya sa a ji alheri, ya ce amin, ta tafi neman ɗaya takalminta.